Matashin lauya a majalisar Bolibiya: ta ina yake shiga, ina hanyar ke kai shi?

Tambaya: Malam, ina shekarar ƙarshe a karatun lauya, kuma siyasa na ba ni sha'awa. Na ji an ce a Bolibiya akan samu matasan lauyoyi a majalisar dokoki tun ba su kai talatin ba. Ta yaya suke shiga? Kuma in sun shiga, sanin shari'ar yana yi musu rana?

Ƙanwata, abin da kika ji gaskiya ne. A takarda, ƙasashe kaɗan ne suka sauƙaƙa wa matashi shiga majalisa kamar Bolibiya. Sai dai yawancin matasan lauyoyin nan ba da ƙarfin kansu suke shiga ba. Wani ne yake sa sunansu, kuma yana sa su ne don yana bukatar hannun da ya iya rubuta doka. Daga nan duk tarihin aikinsu yakan rataya a kan ranar da abin da suka karanta ya saɓa da abin da mai gidan yake so.

Kundin tsarin mulkin da aka amince da shi a ƙuri'ar raba gardama ta 25 ga Janairun 2009 ya sa shekara 18 a matsayin mafi ƙarancin shekarun shiga majalisa, ta wakilai da ta dattawa duka. Kafin nan sai mutum ya kai 25 ya nemi ta wakilai, 35 ta dattawa. In kin tuna, a Najeriya sai a 2018 aka sauko da shekarun majalisar wakilai daga 30 zuwa 25, bayan doguwar fafutukar matasa. Majalisar Bolibiya tana da wakilai 130 da sanatoci 36, huɗu-huɗu daga kowane ɗaya cikin yankunan ƙasar tara, wa'adinsu shekara biyar, kuma mataimakin shugaban ƙasa ne ke jagorantar zaman haɗin gwiwa. Ana bukatar ɗan takara ya zauna shekara biyu a yankin da zai wakilta, ya iya aƙalla biyu daga harsunan hukuma, namiji kuma ya sauke nauyin aikin soja. Babu inda aka ce sai mai digiri.

Inda ya kamata ki zuba ido shi ne yadda aka raba kujerun wakilai. Kujera 63 ne ake takara a kansu mazaɓa-mazaɓa, inda mutum zai sa hotonsa ya shiga kasuwa da unguwa ya nemi ƙuri'a. Bakwai an keɓe su ga ƙananan ƙabilun asali. Sauran 60 ɗin na jerin sunaye ne, kuma jerin a ɗaure yake da ƙuri'ar shugaban ƙasa: wanda ya dangwala wa ɗan takarar shugaban ƙasa ya dangwala wa mutanen jerinsa ke nan, ko bai taɓa jin sunansu ba. Sanatoci ma duk haka ake zaɓensu. To matashiyar da ta gama jami'a shekara uku da suka wuce, wadda ba ta da kuɗin kamfe, ba ta da ƙungiyar direbobi ko ta 'yan kasuwa a bayanta, ta nan take bi. In aka sa ta ta biyu ko ta uku a jerin La Paz ko Santa Cruz na jam'iyya mai ƙarfi, ta ci zaɓe tun ranar da aka miƙa sunaye.

Akwai wata ƙaramar ƙofa kuma. Kowane ɗan majalisa yana da madadi, wanda suke kira suplente, da ake zaɓa tare da shi, yana zama a kujerar in mai ita ba ya nan, yana gadonta in ya sauka ko ya rasu. Dokar zaɓe ta 2010 ta wajabta a jera sunaye mace, namiji, mace, namiji, kuma in mai kujera namiji ne to madadinsa mace ce, haka in an juya. Wannan ne ya sa a zaɓen 2014 mata suka ɗara rabin majalisar wakilai, abin da Ruwanda kaɗai ta fi Bolibiya a kansa a lokacin. Adriana Salvatierra, wadda ta zama shugabar majalisar dattawa a Janairun 2019 tana da shekara 29, a madadi ta fara, sai da sanatan da take bayansa, Carlos Romero, ya koma kujerar minista sannan ta hau. Ita kimiyyar siyasa ta karanta, amma hanyar da ta bi ita ce hanyar lauyoyin da kike tambaya a kansu. Kada kuma ki ɗauka adadin matan ya kashe wahalarsu. A ƙananan hukumomi an sha tilasta wa mace ta sauka a tsakiyar wa'adi don madadinta namiji ya hau. Sai da aka kashe wata kansila, Juana Quispe ta Ancoraimes, a 2012 sannan aka zartar da dokar da ta haramta tsangwamar mata a siyasa.

Wa ke rubuta jerin? A zamanin jam'iyyar MAS ta Evo Morales, wadda ta riƙe ƙasar kusan shekara ashirin daga 2006, ƙungiyoyi ne ke tsayar da mutane: haɗaɗɗiyar ƙungiyar manoma, ƙungiyar mata manoma ta Bartolina Sisa, manoman ganyen koka na Chapare, masu haƙar ma'adinai, ƙungiyoyin unguwanni na El Alto. Kowace na kawo nata, kuma al'adarsu ita ce karɓa-karɓa, wanda ya yi wa'adi ɗaya ya ba wani wuri. Gefen waɗannan sai shugabannin jam'iyya su gayyato 'yan boko daga birni, lauyoyi da 'yan jarida da malaman jami'a, a sa su a jeri don a jawo ƙuri'ar matsakaita, a kuma samu masu iya takarda. A ɓangaren adawa, musamman Santa Cruz, matasa kan taso ne daga siyasar ɗalibai a jami'a, ko daga kwamitin 'yan gari, ko daga ƙungiyoyin sa-kai da suka bazu bayan ƙuri'ar raba gardama kan tazarcen Morales ta 21 ga Fabrairun 2016. A zaɓen 2020 jerin 'yan takarar shugaban ƙasa na adawa, Carlos Mesa da Luis Fernando Camacho, sun kwashi irin waɗannan matasa da yawa. Ko ta wane ɓangare aka duba, mutum ɗaya ne ko 'yan tsiraru ke da alƙalamin ƙarshe, kuma 'yan majalisar Bolibiya da ke dawowa wa'adi na biyu ba su da yawa. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Alaƙar lauya da majalisa a ƙasar nan tsohuwa ce ƙwarai. Jami'ar San Francisco Xavier da ke Sucre an kafa ta a 1624, kuma lauyoyin da ta yaye su ne suka cika taron da ya ayyana 'yancin kai a 6 ga Agustan 1825. Da yawansu jiya-jiya suna yi wa sarkin Sifen aiki, shi ya sa tarihin ƙasar yake tuna su da laƙabin masu fuska biyu. Har gobe in kin shiga kotu a La Paz za ki ji ana ce wa lauya dakta. Girma da zargi tare suke tafiya a kan wannan sana'a.

Mutumin da ya fi kowa nuna abin da matashin lauya zai iya yi da kujerar majalisa shi ne Víctor Paz Estenssoro. An haife shi a Tarija a 1907, ya gama karatun lauya a La Paz a 1927, ya je yaƙin Chaco da Faraguwai, wanda ƙasarsa ta sha kashi a ciki. Ya taɓa yi wa kamfanin Patiño aikin lauya na ɗan lokaci, wato ya ga littattafan masu kuza daga ciki. A lokacin iyalai uku ne, Patiño da Hochschild da Aramayo, suka mallaki yawancin kuzar ƙasar, gwamnati kuma tana rawa da kiɗansu. A 1938 aka zaɓe shi wakilin Tarija yana ɗan shekara 30. A 21 ga Disambar 1942 sojoji suka buɗe wa ma'aikatan kuza da matansu wuta a Catavi, suna tafe a fili suna neman ƙarin albashi. Gwamnatin Janar Peñaranda ta ce mutum 19 ne suka mutu, ma'aikata suka ce sun ninka haka nesa ba kusa ba. A Agustan 1943 Paz da abokansa suka kira ministoci gaban majalisa su yi bayani. Bai tsaya a kan kukan jini kaɗai ba. Ya kawo lissafin ribar kamfani da albashin lebura, ya bi umarnin da aka bai wa soja daki-daki, ya nuna dokar da aka taka. Gwamnati ta tsira da ƙyar a ƙuri'a, amma martabarta ta zube, kuma kafin shekarar ta ƙare an kifar da ita. Daga wannan zama ne jam'iyyarsa ta MNR, wadda 'yan boko ne kawai a da, ta samu shiga ramukan haƙar kuza. Bayan juyin juya halin Afrilun 1952 ya zama shugaban ƙasa, shi ne kuma ya sa hannu a kan bai wa kowa ƙuri'a, har wanda bai iya karatu ba, da ƙwace ma'adinan iyalan nan uku a 31 ga Oktoban 1952, da raba filaye ga manoma a 2 ga Agustan 1953. Shi ɗin ne kuma, da ya dawo mulki yana tsoho a 1985, ya sa hannu a doka mai lamba 21060 da ta kashe hauhawar farashi, ta kuma raba masu haƙar ma'adinai sama da dubu ashirin da aikinsu. Abin da nake so ki riƙe daga labarinsa shi ne, kujerarsa tasa ce, jam'iyyar shi da abokansa suka kafa ta, don haka babu wanda zai kira shi a waya ya ce ya yi shiru.

A zamanin nan kuwa, mutum biyu ne suka fi bayyana mini lamarin, kuma ɗaya ya gaji ɗaya a kujera guda.

Héctor Arce, lauya haifaffen La Paz a 1971, yana ɗan shekara talatin lokacin da majalisa ta kori Evo Morales daga kujerarsa a Janairun 2002, bayan rikicin manoman koka da jami'an tsaro a Sacaba. Arce ne ya tsaya masa, kuma kotun tsarin mulki ta ce korar ba ta bi ƙa'ida ba. Wannan shari'a ce ta gina rayuwarsa. Da Morales ya hau mulki sai ya zama mataimakin minista, sannan ministan kare muradun ƙasa a shari'u, sannan wakili kuma shugaban majalisar wakilai daga 2010, a daidai lokacin da ake rubuta manyan dokokin da sabon kundi ya bukata: ta zaɓe, ta hukumar zaɓe, ta ɓangaren shari'a, ta kotun tsarin mulki, ta cin gashin kan yankuna. Aiki ne na gaske, kuma sai ƙwararre. Daga nan ya zama babban lauyan ƙasa a 2014, ministan shari'a a 2017. A wannan kujera ne aka zo kan maganar tazarce. Kundin ya ce shugaban ƙasa sau ɗaya kawai zai nemi a sake zaɓensa a jere. An tambayi jama'a a 2016 ko a gyara, kashi 51.3 cikin ɗari suka ce a'a. Sai 'yan majalisar MAS suka kai ƙara kotun tsarin mulki da hujjar cewa iyakance wa'adi ya tauye haƙƙin siyasa da sashe na 23 na yarjejeniyar kare haƙƙin ɗan'adam ta nahiyar Amurka ya tanada, kotun kuma ta amince a 28 ga Nuwamban 2017. Arce na cikin manyan masu kare wannan fassara. A ganina a nan ne aka ci amanar sana'ar, domin an ɗauki ilimin da ya kamata ya tsare hukuncin jama'a aka zagaye shi da shi. Kotun kare haƙƙin ɗan'adam ta nahiyar ta ce a 2021 tazarce mara iyaka ba haƙƙin ɗan'adam ba ne, kotun Bolibiya ita ma ta janye matsayinta a ƙarshen 2023. Amma kafin nan an riga an yi asarar rayuka. Da gwamnatin ta faɗi a Nuwamban 2019, Arce ya shafe kusan shekara guda a ɓoye a gidan jakadan Meziko da ke La Paz.

Wadda ta gaje shi a shugabancin majalisar wakilai a 2012 ita ce Rebeca Delgado, lauya kuma tsohuwar alƙaliya daga Cochabamba, wadda ta zauna a majalisar da ta rubuta kundin. A shekarar ne ɓangaren zartarwa ya aiko da ƙudirin da zai ba gwamnati damar ƙwace dukiyar da ake zargin ta haram ce ba tare da jiran hukuncin kotu a kan mai ita ba. Delgado ta karanta shi da idon alƙali, ta ce sassa da dama sun ci karo da kundin, ta nemi a gyara. Ministan cikin gida Carlos Romero ya fito fili ya soke ta, ita ma ta mayar masa. Mataimakin shugaban ƙasa Álvaro García Linera ya nuna cewa jam'iyyar ba wurin masu ra'ayin ƙashin kai ba ce. A Janairun 2013 aka ba wata kujerar. Ba a tsaya nan ba. Da ta shirya neman shugabancin birnin Cochabamba a zaɓen 2015, sai hukumar zaɓe ta fitar da wata takardar umarni a Disambar 2014 cewa 'yan majalisar ƙasa da suka gama wa'adi ba za su nemi irin wannan kujera ba, wai aikinsu ya zaunar da su a La Paz, don haka ba su cika sharaɗin zaman shekara biyu a garinsu ba. Ki duba da kyau: matar da aka tura ta wakilci Cochabamba, an ce wakilcin da ta yi ne ya raba ta da zama 'yar Cochabamba. Ta bi kotunan gida ba ta samu komai ba, ta kai ƙara kwamitin kare haƙƙin ɗan'adam na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ya ce a 2018 an tauye mata haƙƙi, ita da tsohon sanatan Potosí Eduardo Maldonado da aka yi wa irin wannan. Ta yi nasara a shari'a shekara uku bayan an gama zaɓen, kuma ba ta sake komawa tsakiyar siyasar ƙasa ba. Ina ganin girmanta ƙwarai, amma ba zan ɓoye miki tsadar abin da ta yi ba.

To sanin shari'a yana rana? Yana yi, a wurare sanannu. Yawancin ƙudirori daga fadar shugaban ƙasa suke zuwa a rubuce, don haka sabon wakili ba ya yawan ƙirƙirar doka. Inda lauya ke fin sauran shi ne a kwamitin tsarin mulki da na shari'a, inda ake bin ƙudiri sashe-sashe, da wajen rubuta takardar neman bayani daga minista, da wajen sanin ƙa'idojin zauren, wanda sau da yawa shi ke yanke rigima. A Oktoban 2020, da MAS ta ga ta rasa rinjayen kashi biyu cikin uku, majalisar da ke barin gado ta gyara ƙa'idojinta ta mayar da hukunce-hukunce da dama zuwa rinjaye mai sauƙi. Wanda bai karanta ƙa'idar ba sai dai ya ga an wuce shi. Akwai kuma wani nauyi da ya keɓanta da Bolibiya: manyan alƙalai jama'a ke zaɓensu a akwati, an yi a 2011 da 2017 da wani ɓangare a 2024, amma majalisa ce ke tace 'yan takarar da kashi biyu cikin uku. Matashin lauya yakan samu kansa yana yi wa malamansa na jami'a tambayoyi, yana ba su maki, alhali ya san an riga an daidaita sunayen a wani ɗaki. Jama'a ma sun sani, shi ya sa a zaɓuɓɓukan farko biyu ƙuri'un da aka lalata da waɗanda aka bari fanko suka fi na 'yan takara yawa. Ki ƙara da cewa kundin 2009 ya cire wa 'yan majalisa rigar kariya daga tuhuma. Ba a kama su kan abin da suka faɗa a bakin aiki, ba a tsare su kafin hukunci sai in an kama su suna cikin aikata laifi, amma ana iya gurfanar da su, kuma a ƙasar da masu gabatar da ƙara ke kallon fuskar mai mulki, wannan barazana ce ta kullum.

Ba zan rufe ba sai na ambaci Jeanine Áñez, domin ita ma lauya ce da ta bi ta majalisar rubuta kundi a 2006, ta zama sanatar Beni daga 2010, ba tare da wani ya ɗauke ta a cikin manya ba. A 10 ga Nuwamban 2019 Morales ya sauka, mataimakinsa ya sauka, Salvatierra ta sanar da sauka, shugaban majalisar wakilai Víctor Borda, shi ma lauya, ya sauka bayan an far wa gidansa a Potosí an yi garkuwa da ɗan'uwansa. Áñez tana mataimakiya ta biyu a majalisar dattawa. A 12 ga wata, a zaman da adadin 'yan majalisa bai cika ba, ta ayyana kanta shugabar majalisar sannan shugabar ƙasa, kotun tsarin mulki ta fitar da sanarwar goyon baya tana kafa hujja da wani matsayinta na 2001. Kwanaki kaɗan bayan haka ta sa hannu a dokar da ta wanke sojoji daga tuhuma wajen kwantar da tarzoma, aka harbe masu zanga-zanga a Sacaba da Senkata. An kama ta a Maris na 2021, aka yanke mata shekara goma a Yunin 2022, sannan kotun ƙoli ta soke hukuncin aka sake ta a Nuwamban 2025, bayan iskar siyasa ta juya. Hawanta da ɗaurinta da sakinta, kowanne da lauyoyin da suka rubuta masa hujja.

Majalisar da aka zaɓa a Agustan 2025 kusan sabuwa ce fil. MAS ta tarwatse har ta kusa ɓacewa daga zauren, Rodrigo Paz ya ci zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa a Oktoba, kuma mai jagorantar zaman haɗin gwiwa yanzu shi ne mataimakinsa Edmand Lara, tsohon kyaftin ɗin 'yan sanda da ya karanta lauya, wanda bidiyoyinsa na fallasa cin hanci a TikTok suka ɗaga shi. Sababbin fuskoki sun cika jerin sunaye, da yawansu matasa. In kin ci karo da labarin ɗayansu, ki fara duba ko mazaɓa ya ci da kansa ko a jeri aka sa shi, ko shi ne mai kujera ko madadi, wane kwamiti aka ba shi, sannan ki nemi yadda ya jefa ƙuri'a ranar da aka zo tace alƙalai.